Akuyar Dela a Gidan Maguzawa

Dela na cikin tankaɗen garin agajin da aka raba shekarar fari, sai ta ji kukan akuya a zaure. Ta san kukan nan. Rariya ta suɓuce mata.

Tasalla ce, tsohuwar Bamagujiyar nan ta bayan dutsen Roni, riƙe da igiya. Ga akuyar Dela da ta ɓata wata uku, ga 'ya'ya biyu na bin ta.

"Uwar gida, taki ce? An ce mai tsagen kunnen hagu ta gidan nan ce. Kasuwa huɗu na kai ta cigiya. A wurina ta haihu."

Dela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce fa ta bi gida gida tana cewa arna sun cinye mata akuya, wai wanda ba ya salla ina zai san haram. Ga tsohuwa kuwa, ƙashin wuya duk a waje.

"Iya, duk yunwar nan ba ku yanka ba?"

"Mu yanka ta wani? Kakata ta ce mai cin dabbar wani, ko ya mutu ƙasa ba ta karɓarsa."

"Ai hana cin kayan wani maganar Littafi ce! Malam ya karanta mana."

Tasalla ta yi dariya, bakin ba haƙori. "Kakata ko allo ba ta taɓa gani ba. Ko dai malaminku a wurinta ya ji?"

"A'uzubillahi! Allah ne ya saukar."

"To, ya saukar. Wataƙila ta gidanmu ya fara biyowa." Ta miƙa igiya. "Abin da kika faɗa a kanmu ma, har can ya iso."

Dela ta kasa ɗaga ido. Ita dai ta san Allah ne ya hana sata, ba mai raba ta da wannan. Yadda maganar ta riga malamai isa bayan dutse kuwa, ya fi ƙarfin kanta.

"Bari in kawo miki ruwa, Iya."

A gindin randa hannunta ya kai kan tsagaggiyar ƙwaryar da ake ajiyewa gefe don baƙi irin su Tasalla. Ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwanon shan maigida, ta ɗauraye, ta cika shi taf, ta zo ta durƙusa har ƙasa.