Zaren da Ya Katse a Shafi na Arba'in da Biyar

Shekara tara ke nan Baba Shekari yana karanta wa tsofaffin ma'aikatan masaƙa littafi duk Laraba da yamma, a gindin mangwaro a Kakuri. A aji uku ya bar makaranta, amma ba a taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba.

Rannan sai Monday, tsohon akawun masaƙar, ya zo da sabon littafin Hausa a kan wata na'ura mai tunani kamar mutum.

Ya ce, "Baba, wannan labarin ƙirƙirarriyar basira ne, yana da zurfi. Ni sau biyu na karanta shi. In ya fi ƙarfinka, sai ka bar mini kujerar karatun."

Shekari ya tafi da littafin gida da murna, don labarin na'ura ne, shi kuwa shekara ashirin da takwas ya yi yana gyaran injin saƙa. Kwana uku murnar ta ƙare. Na'urar na magana da murya uku. Shekaru na tsalle gaba da baya. Wani likita da aka binne a labarin sai ga shi yana shan shayi. Ransa ya ɓaci, har ya fara zargin kansa da jahilci.

Sai ya yi abin da ya saba yi in yadi ya fito da aibi, ya bi zare. Ya ɗebo allura da zare a gwangwanin ɗinkin matarsa Celina, ja na likita, baƙi na na'ura. Duk shafin da ɗayansu ya fito, sai ya soka zarensa a gefen takardar ya wuce.

Ran Laraba ya ɗaga littafin a gaban kowa.

"Akawu, zo ka bi jan zaren nan. Likita ya mutu a shafi na talatin. Wa ya tashe shi a na sittin?"

Monday ya gyara tabarau. "Ai mafarki na'urar take yi, Baba."

"Bi baƙin. An farfasa ta a arba'in da biyar, a nan zaren ya katse. Tarkace ne ke mafarkin?"

Monday ya buɗa gaba, ya buɗa baya, gumi ya keto masa.

Yohanna, wanda ya yi aiki a sashen rini, ya kwashe da dariya har da tari. "Kai, Akawu! Sau biyu fa ka ce!"

Monday ya ce, "To, gaskiya daga tsakiya na riƙa tsallakewa."

Shekari ya ce, "Marubucin ne bai ɗaura zarensa ba. A masaƙa irin wannan yadi ba ya wuce get."

Tsofaffi suka ɗauki tafi. Shekari ya miƙa wa Monday littafinsa, zaren na reto, ya gyara babbar rigarsa ya zauna daram a kujerar.

Ya ce, "Matsa can, kana tare mini haske."