Jan Layin Alheri

Shekara huɗu Alheri ta yi tana gadin tauraron da ido ba ya gani. Mataccen tauraro ne, da ƙyar ya fi garin Kontagora faɗi, amma ga haɗama: yana zuƙar iskar maƙwabcinsa tana taruwa, bayan 'yan shekaru ta afka masa, ya yi aman haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A kan wannan aman take rubuta digirinta na uku. Masu na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya sun ba ta dama ɗaya tak: ta turo saƙo, su juya na'urar wajensa. In ta yi gaggawa a kalli duhu, in ta makara sai bayan wasu shekaru huɗun.

Shi kuwa ɗan rainin hankalin bai tashi motsi ba sai safiyar da naƙuda ta kama ta.

Mijinta yana Minna. A ƙofar ɗakin haihuwa ta danƙa wayarta a hannun mahaifinta Andarawus, manomin Ibeto da ko boko bai yi ba.

"Baba, ga zanen hasken tauraron yana hawa. Sai ya haye jan layin nan za ku danna, saƙon ya tafi. Don Allah kada ku danna kafin nan."

Tana ciki tana nishi, rabin tsoronta na kan benci a waje.

Da azahar aka sa mata 'yarta a ƙirji. Tsohon ya shigo yana washe baki.

"Na danna tun hantsi."

"Ya haye layin?"

"Bai kai ba. Amma na ga yana rawa, ya hau ya ɗan sauka, ya ƙara hawa. Haka rafinmu yake yi in ruwa na tafe daga sama. Wanda ya jira ya ga ambaliya da idonsa, ai shinkafarsa ta tafi."

Shekara huɗu, an auna su da rafin Ibeto! Ta karɓi wayar, ta kasa dubawa, ta kasa ajiyewa. Sai da jaririyar ta yi kuka sannan ta buɗe.

Zanen ya bar jan layi can ƙasa, ya miƙe tsaye. Ga saƙon malaminta: na'ura ta kama farkon tashin, abin da suka daɗe suna nema. Yana tambayar wane lissafi ta yi.

Alheri ta dubi mahaifinta. Shi ya ma manta da tauraro, yana ƙirga yatsun jikarsa.