Kujerar Gwaggo a Bakin Ƙofa

"Mama, Gwaggo ce ba ta da lafiya ko ni?"

Shalele ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, kanta tal ba gashi tun da aka fara yi mata maganin kansar jini. Gwaggo, yayar babanta, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, tana kuka tana tari, tana share hanci da gefen mayafi.

Uwar Shalele ta tare ƙofar da jikinta. Likita bai ɓoye mata komai ba: maganin ya kwantar da garkuwar jikin yarinyar, murar da wani zai yi kwana uku ya watsake, ita Shalele tana iya tafiya da ranta.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga kujera nan, kina hangenta daga nan."

"Ni ake ba kujera a waje kamar mai gyaran famfo?"

"Tari kike yi, Yaya."

"Wannan? Ƙaiƙayin maƙogwaro ne kawai. Mota biyu na hau saboda 'yar nan. Matsa in rungume ta, in tofa mata addu'a."

"Addu'a ba ta san nisa ba. Daga nan ma za ta isa."

Baban Shalele, bakaniken da ko direban tirela ba ya ɗaga masa murya, sai ga shi ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi.

Gwaggo ta kwashi mayafinta da tarinta ta fita. Kafin la'asar dangi sun gama nasu gwajin: ashe ba yarinyar ce ke jinya ba, uwar ce girman kai ya kama. Aka ɗauke ƙafa. Mako uku ba mai sallama, ba mai riƙe mata jaka a layin asibiti. Ta yi wanki ita kaɗai, ta yi kukanta a banɗaki.

Ranar awon jini, likita ya daɗe yana duba takarda.

"Ba zazzaɓi, ba mura. Me kike yi mata haka?"

"Dangi ne suka yi fushi da mu, likita."

"To, kada ki yi saurin ba su haƙuri."

Kai kuma mai karatu, in ka ji tari na taso maka, ka yi dubiyarka ta waya. In ka nace sai ka zo, wallahi akwai uwa a bakin ƙofa, kuma ta riga ta daina jin kunya.