Baƙin Zmarai

Ina cikin liƙa gurasa a tanderu da hantsi sai ga motoci sun tsaya a ƙofar gidanmu. Wan mijina ne, Zmarai, wanda ya bi mayaƙa zuwa duwatsu tun farkon yaƙin har ya zama kwamanda. Ya zo da manyansu, wai za su yi shawara a zaurenmu na baƙi.

A kwanakin nan jirgi maras matuƙi na sojojin waje ba ya barin saman kwarinmu. Ba ka ganinsa, ƙuginsa kawai kake ji. Mijina Baryalai ya jawo wansa tsakar gida.

"Yaya, ba ka jin abin da ke sama ne? Duk faɗin kwarin nan ka rasa inda za ka kai su sai gidan da yara suke?"

Zmarai ya yi dariya. "Kana nan da tsoronka. Tun muna yara ko jaki ya yi kuka sai ka ɓuya bayan Inna. Yanka mana akuya kawai."

Inna, surukata, ta daɗe ba ta ga Zmarai ba. Ta riƙe fuskarsa tana shafa gemunsa, ta ce ba a taɓa korar baƙo a gidan nan ba, ba kuma za a fara a kan ɗanta ba.

Da aka sauke tukunya, Baryalai ya same ni a madafa. "Torpekai, kwashi yaran ku tafi gonar rumman ta babanki. Ki tafi da Inna."

Inna ta ƙi. Ya yi ta lallashinta, ya ce ana tsinkar rumman ana neman hannu, har ta biyo mu tana mita. Shi ya zauna, don mai gida ba ya barin baƙinsa. Da azahar ta gabato ruwan alwala ya ƙare, ba kuma mace a gidan, sai ya ɗauki jarka ya gangara rafi.

Muna gona muka ji ƙarar fashewar bam, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarmu. Inna ce ta fara gudu, mayafinta ya faɗi ba ta waiwaya ba.

Babu zaure, sai rami da hayaƙi. Motocin suna ci da wuta. Baryalai yana durƙushe yana tonon ƙasa da hannu, jini na zuba daga kunnensa, ina kiransa ba ya ji na. Ba wanda ya fita da rai daga cikin baƙin. Inna ta gane Zmarai ne da tabon ƙuna a ƙaurinsa, wanda ya samu a bakin tanderu yana rarrafe.

Ana gama jana'iza mayaƙa suka riƙe Baryalai a maƙabarta. Wanda ya gaji Zmarai, wani mai suna Daulat, ya yi maganar a gaban kowa.

"Ka fitar da matarka, ka fitar da 'ya'yanka da uwarka, sannan ka fita da kanka. Wa ya gaya maka lokacin?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ruwa na je ɗiba."

Suka sa shi a mota. Duk kwarin an san abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan leƙen asiri.

Inna ta tara dattawan ƙauye, ta shige gabansu har inda aka tsare shi. Ta ce wa Daulat ta binne ɗaya, in za su kashe na biyun su haƙa kabarin da faɗi ya ɗauke ta tare da shi. Ta sa aka kawo Alƙur'ani ta dafa, ta rantse ɗanta bai sayar da wansa ba. Suka sake shi da karyayyun haƙarƙari, suka ce ya bar kwarin.

Ina ɗaure sauran kayanmu, shi yana kwance a tabarma, sai Inna ta zauna kusa da kansa.

"Baryalai, na dafa Alƙur'ani saboda kai. Yanzu ba kowa sai ni da matarka. Me ya sa ka fitar da mu?"

"Inna, har da ke?"

"Amsa nake so."

"Tsoro na ji. A gabanki na gaya masa."

"To shi me ya sa ba ka fitar da shi ba?"

Ta jira, ta jira, sannan ta dafa bango ta miƙe.

Motar albasa ce ta kai mu Jalalabad. Inna ba ta biyo mu ba, ta koma wajen 'yarta kusa da maƙabarta. Baryalai yana tura amalanke a kasuwar kayan miya, kunne ɗaya ya mutu. Duk wanda ya zo daga kwarin sai ya tare shi ya tambayi lafiyar Inna. Tana aiko wa yara busassun 'ya'yan itace a ƙulle cikin tsumma, ta ce a gaishe ni, ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Shi kan tsaya yana sauraro da kunnensa mai kyau har ɗan saƙon ya gama.