Raunin da Ba Ya Jini

Ƙarar ta yi kama da ta ƙwarya biyu da aka gwara. Filin ƙwallon ya yi tsit, sannan ihu ya dawo. Mai tsaron bayan abokan karawa ya miƙe yana murza goshi. Auta bai miƙe ba.

Yayansa ya sungumi jakar magani ya ruga. Likita ake ce masa a ƙungiyar, rabi wasa rabi raini. Wata uku kacal ya yi a kwas ɗin kula da raunin 'yan wasa, bayan ya gama sakandare ya rasa abin yi. Kafin zuwansa, aikin mai jaka bai wuce ya kwara wa wanda ya faɗi ruwan sanyi ya ɗaga shi ba.

Ya durƙusa. Idanun Auta a buɗe suke, amma ba shi suke kallo ba.

"Auta, kalle ni. Da wa muke wasa?"

"Ƙyale ni, Yaya. Lafiyata lau."

"Wa ya ci ƙwallon farko?"

Auta ne ya ci ta, ko minti goma ba a yi ba, har ya ruga gaban 'yan kallo yana dukan ƙirji.

"An ci ne?" in ji shi.

Malamar su Likita ta nanata musu har muryarta ta dushe: kan mutum ba gwiwa ba ne. Wanda ya rikice bayan karo a fitar da shi, ko da ya yi rantsuwa. Bugu na biyu kafin ƙwaƙwalwa ta huce, shi ke kwantar da mutum har abada.

Likita ya ɗaga hannu yana neman canji. Koci ya taho bakin layi kamar zai ci shi ɗanye.

"Kai, me kake yi haka? Zuba masa ruwa ya tashi!"

"Koci, bai ma san an ci ƙwallo ba."

"To ni na sani! Ka ga mutumin can mai littafi a hannu? Daga babbar ƙungiya ya zo, saboda ƙanenka. Minti ashirin ya rage, Likitan bokiti. Ashirin!"

Daga bayan shingen waya muryar Baba ta taso, ta danne ta kowa. "Sakar min yaro! Mu da muka buga ba takalmi, kai ya fashe mu ɗaure da tsumma mu koma!"

Likita bai waiwaya ba. Ya nufi alƙalin wasa ya faɗa masa abin da ya gani. A daidai lokacin Auta ya miƙe da kansa, ya kama tafiya ya nufi ragar da ba tasu ba, yana tangaɗi kaɗan. Alƙali ya dube shi, ya nuna masa waje.

Mai littafin bai jira busar tashi ba.

* * *

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta haska idanun Auta da tocila, ta ce ya huta mako uku. Ba ƙwallo, ba gudu, ba kallon waya. Ta dubi Likita ta ce ya kyauta. Ita kaɗai ta faɗi haka.

Washegari Koci ya aiko a karɓi jakar.

"Ko ɗigon jini babu," in ji Baba, yana zaune a tsakar gida yana wanke ƙafa. "Ko kumburin kirki. Wata uku a aji, ka fi Koci sani, ka fi ubanka sani."

Likita ya shiga kicin ya ɗauko ɗanyen ƙwai, kamar yadda malamarsu ta yi musu. Ya girgiza shi da ƙarfi, ya daɗe yana girgizawa, ya nuna musu ɓawon lafiya ƙalau. Sannan ya fasa a kofi. Kwanduwar ta tarwatse, ta gauraye da farin.

"Haka kan mutum yake, Baba. Waje lafiya, ciki..."

Baba ya leƙa kofin. "Madalla. Jiya ka ɓata wa ƙanenka rabo, yau ka ɓata mana ƙwai."

Umma ta yi dariya ba ta shirya ba, sannan ta haɗiye ta. Da Baba ya fita, ta matso kusa da shi, murya ƙasa ƙasa.

"Mutane na magana, ka sani. Wai baƙin ciki kake masa, don kai ƙwallon ba ta karɓe ka ba."

"Ke ma kin yarda, Umma?"

Ta ɗauki kofin ta koma kicin.

Auta kuwa ya daina yi masa magana. Ɗaki ɗaya suke kwana, amma da Likita ya shigo sai ya juya fuska bango. Labule a sake da rana tsaka. Sau biyu Likita ya ji shi yana amai a bayan gida, sau biyu ya fito yana goge baki yana cewa ruwa ne ya sarƙe shi. Abin da ya fi ci wa Likita rai shi ne, babu abin da zai nuna. Da ƙafa ce ta karye, da duk unguwa ta zo dubiya.

* * *

Kwana na biyar saƙon Koci ya iso. Mai littafin nan zai dawo ranar Asabar, kuma wanda bai zo atisaye ba ba zai taɓa ƙwallo ba.

Da safe Likita ya tsaya a ƙofar ɗaki ya tare hanya.

"Mako uku aka ce, Auta."

"Matsa min."

"Ni fa ba maƙiyinka ba ne."

"To matsa min."

Baba ya yi gyaran murya daga tsakar gida. Likita ya matsa.

Ta taga ya ga sauran. Umma ta bi Auta har soro, ta danƙa masa ƙwayoyin ciwon kai guda biyu a ƙunshe cikin takarda, ta waiwayi ɗakin, ta ce wani abu a kunnensa. Auta ya haɗiye su ba ruwa. Ya rataya takalman ƙwallonsa a wuya ya fita.

Gari da gajimare, ranar ma ba ta fito sosai ba. Auta ya kare idanunsa da tafin hannu, ya bi gefen katanga yana dafa ta, har ya sha kwana.