Hannun Yaya a Hoton Shago

Duk mai haɗa shafin intanet da ya ce maka ya duba aikinsa a burauza ɗaya, wato manhajar buɗe shafuka, ya gama, ka karɓe kayanka ka yi gaba, bai san aikin ba. Ni a teburina akwai kwamfuta, akwai sabuwar waya, akwai wata ƙwanƙwararriya da na ajiye don gwaji kawai, saboda abin da wannan ta nuna da kyau, waccan sai ta kwaɓa shi. Ina faɗa ne don kada wani ya ce mini sakaci na yi.

Shagon kafinta ne na gidanmu. Yayana ne ya kafa shi, da ya rasu ƙanen mahaifiyarmu ya karɓa. Shi Kawun ne ya ce in yi wa shagon shafi, ya ba ni hoton da muka ɗauka a ƙofar shagon: Inna zaune a kujerar da Yaya ya ƙera mata, ni da Kawu a gefe, Yaya a tsaye bayanta, hannunsa a kafaɗarta.

"Ki cire shi," in ji Kawu, bai ko kalle ni ba. "Masu saye za su yi ta tambayar ina dogon nan. Kuma uwarki ba za ta iya gani ba."

Raina ya sosu, amma gaskiya ya faɗa. Dama so nake in yanke bangon shagon, mutane kawai su tsaya a kan launin katako na shafin, don haka na zaɓi PNG. Shi irin wannan hoton yana iya ɓoye wani sashe ba tare da ya goge ba, burauza kawai yake gaya wa kada ta nuna wurin. Na ɓoye bango, na ɓoye Yaya. Yatsunsa ne suka ba ni wahala, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya ina share hawaye. Na duba a na'urorina duka, tas.

Wata rana da hantsi Inna ta ƙwala mini kira daga ɗakinta.

"Auta, Allah ya yi miki albarka. Ashe kin sa yayanki."

Ta miƙo mini wayarta, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi da ta ƙi yarda a canza mata. Ga Yaya nan tsaye a bayanta. Na ce a raina haba ke kuwa, tsohuwar burauza ce ba ta gane umarnin ɓoyewa, sai ta fito da komai. Har na fara dariyar kaina. Dariyar ta maƙale da na sake dubawa. In da haka ne, ai da bangon ma ya dawo, da zarto da katakan da ke jingine. Babu ko ɗaya. Shi kaɗai ya dawo.

Daga ranar Inna ta daina fitowa falo. Abinci sai ya huce a gabanta in ɗauke. Tana zaune bakin gado da waya a tafin hannu, wani lokaci in ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana yin shiru kamar mai jiran amsa. Likita ya duba ta ya ce bai ga komai ba, a dai matsa mata ta ci.

Kawu ya kira ni yana faɗa. "Wane irin aiki kika yi? Kin cinye wa uwarki kafaɗa."

Na buɗe shafin a kwamfuta. Daidai inda hannun Yaya yake a da, kafaɗar Inna ta yi shara-shara, ana hango launin katako ta cikinta. Na ce to, hannuna ne ya zarce wajen gogewa. Na gyara, na sake ɗorawa. Washegari abin ya kai wuya. Na duba fayil ɗin, ba wanda ya taɓa shi bayana. Na buɗe a sabuwar waya, haka. Na buɗe a wayar gwajina, haka. Na lallaɓa na leƙa wayar Inna lokacin da ta shiga banɗaki, sai ga ta a ciki fes, ta ma fi ranar da aka ɗauki hoton haske, har zanen mayafinta ana gani. Wallahi sai da na ajiye wayar na goge hannuna a zane.

Ba ni da wanda zan faɗa wa. Wa zai saurare ni? A ce mai aikin kwamfuta ta zo tana cewa hoto na janye mata uwa, ai sai a ce aiki ya taɓa ni. Amma ina gani da idona. A shafi fuskarta ta fara dusashewa, a gida kuma muryarta ta koma siririya, sai na matsa kusa nake ji. Na kama hannunta na ji ba nauyi. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban ji ba ko ranar rasuwar Yaya.

Na zauna na yi tunanin abin da na sani. Hoto irin na JPEG ba shi da wurin ɓoyo. Abin da ke ciki shi kowace burauza za ta nuna, abin da ka cire kuma ya tafi ke nan. Na koma kan hoton asali, na ciro Inna daga can, na goge Yaya gogewa ta gaske, na shafe wurin da launin katako, na adana a JPEG na ɗora. Na bi na'urorina ɗaya bayan ɗaya. Inna ta dawo cikakkiya, kafaɗa da wuya da fuska.

Saura wayarta, don tana riƙe da tsohon hoton har sai an sabunta shafin. Na shiga ɗakinta da la'asar. Ta kalle ni, ta ƙanƙame wayar a ƙirji, ban ma buɗe baki ba.

"Auta, kada ki yi. Yayanki ya ce in ɗan ƙara haƙuri, saura kaɗan."

Jin haka na fizge wayar. Allah ya yafe mini, ban taɓa fizgar abu a hannun uwata ba. Na danna na sabunta shafin. Hoton ya riƙa saukowa daga sama a hankali, yadda tsofaffin wayoyi ke yi. Inda kan Yaya yake, launin katako. Kan Kawu, kaina, sannan Inna a kujerarta, kafaɗarta ba hannun kowa.

Na juyo ina jiran kuka ko zagi. Sai na ga ta sauke wani dogon numfashi, ta miƙe zaune sosai, ta dubi kwanon da ke gefe.

"Wannan ya huce," ta ce da cikakkiyar muryarta. "Ɗumamo mini, yunwa nake ji."

Na ruga kicin cike da murna na ɗumamo mata. Ta cinye tas ta nemi ƙari. Ina zaune a ƙasa ina kallon bakinta, na kasa riƙe abin da ke raina.

"Inna, ki yafe mini. Ba don na ƙi Yaya na cire shi ba."

Ta tsaya da cokali a hannu. Ta dube ni da murmushi, ba fushi ba baƙin ciki, kallon da take mini in na yi shirme ina ƙarama.

"Wane Yaya kuma? Ai ke kaɗai Allah ya ba ni."