Abin da Ba a Tambayi Malam Gajere Ba

…kuma ai ba ƙarya ya yi ba. Wa zai ce Malam Gajere ya yi ƙarya? Aikinsa ke nan: ya bi Baturen da ke duba kotuna rangadi, a karanto hukuncin alƙali, shi ya ce ya dace da shari'a ko bai dace ba. An tambaye shi, akwai shaidu? Akwai. Sun cika? Sun cika. Bature ya gyaɗa kai, aka wuce.

Yana zaune gindin tsamiya a Kusada, rawani ya yi masa nauyi. Direba na zuba wa mota ruwa, an jima za su koma Kankia.

Bube… makiyayin nan na ƙauyen Ƙofa. Wai shanunsa sun cinye dawar ƙanen dagaci, an yanke masa ɗauri, an kama shanun. Shaidun kuwa — ɗaya baran mai gonar, ɗaya ɗansa na cikinsa. Ɗa ya yi wa ubansa shaida? Wanda ya fara fiƙihu jiya ma ya san ba ta karɓuwa. Bature bai sani ba. Don a sanar da shi aka ɗauki Gajere aiki.

Amma alƙalin… Modibbo Sada ne fa, malaminsa. Zauren nan, buzun nan, “Maimaita, Gajere, kada ka haɗiye harafi.” Tuwon gidansa ya ci har ya yi gemu. Yau ga tsohon, ido ya dushe, ko ɗagowa bai yi ba. A tuɓe shi gaban jama'a — da bakin Gajere?

To Haulatu fa, matar Bube? Ko kuka ba ta yi ba. Ta tare shi bakin ƙofa, goyo a baya. “Malam, an ce kai ka san littafi. Mi littafin ya ce?” Ya ce ta yi haƙuri. Haƙuri… ga yara, ba saniyar tatsa.

Direba ya ta da mota. Bature na sa hula, yana yafito shi. Zai iya ce masa, ranka ya daɗe, akwai sauran magana. Zai iya. Ko a hanya, kafin Tafashiya. Ko gobe a ofis, in hankali ya kwanta…

Yana miƙewa, gwiwa na ƙara. Gobe. Shi ma ya sani, gobe da sassafe dogarai za su wuce da Bube gidan yari a birni.